Rigar Kyanwa

Tsohon telan nan ya zalunci ɗansa, kuma ya sani. A bencin jiran likita ya matsa kusa da wata malamar makaranta, ya miƙa mata waya.

"Baiwar Allah, saurara mini wannan. Ɗana ne yake wa yaronsa magana da Turanci. Mene ne raskal?"

Ta saurara, ta yi murmushi. "Yaro mai ƙiriniya ke nan, Baba. Wai ya cika masa takalmi da ruwa. A da can kalmar wulaƙanci ce, ta tarkacen mutane. Yanzu har wanda ake so ana gaya wa. Ba ka ji yana dariya ba?"

"Na ji. Gado yaron ya yi. Ubansa yana ɗan shekara takwas ya yanka yadin da aka kawo mini ɗinki ya ɗinka wa kyanwa riga. Har da aljihu."

"Ka dai yi dariya ko?"

"Dukansa na yi. Daga ranar ban ƙara kiran sunansa ba, sai asararre, har ya girma ya bar gidan. Ɗinkin kuwa ya miƙe sarai. Ban taɓa gaya masa ba."

"To gaya masa mana, tunda yana turo maka saƙo."

"Ba ni ya turo wa ba. Ƙanwarsa ya turo wa, ita ce ta tausaya mini ta turo mini."

Ya sake kunna muryar, ya kara a kunne. Shekara goma sha ɗaya ke nan ɗan bai taka gidansa ba, jikan kuma bai san yana raye ba.