Tukwanen Burkutu da Na Fasa da Taɓarya

Ina gaishe ku cikin sunan Yesu Mai Cetonmu, 'yan'uwana matan zumunta. Ku matso ku ji, yau bakina zai faɗi abin da ya daɗe yana riƙewa.

Ni Saratu ta unguwar Yerimaram, da kuke kira Maman Ladi mai kunu, shekara tara na yi ina dafa burkutu. Mai dafa giya kuwa dole ta ɗanɗana ta ji ko ta nuna. Daga ɗanɗano sai ƙoƙo guda, daga nan sai in wuni a kwance, yarana suna cin tuwo a maƙwabta. Wayyo, abin kunya!

Shekarar da aka ba mu jihar Yobe na tuba. Na gwada tuyar ƙosai, man gyaɗa ya yi tsada. Na gwada daddawa, damina ta lalata ta. Sai na kama kunun zaki, tunda hannuna ya saba da dawa da gero.

Ga inda na yi kuskure. Manyan tukwanen giyar nan guda uku, na ƙi rabuwa da su. Na wanke da toka, na wanke da sabulu, na riƙa zuba kunu a ciki. Amma can cikin raina ajiya na yi, ko kunu ya ƙi in koma.

Ran kasuwar shanu, maƙwabciyata Ya Falmata, 'yar Barno mai turaren wuta, ta sayi kunu don wasu Alhazai baƙin mijinta. Kafin azahar sai ga ta da kwanon a cike.

"Maman Ladi, ni da hancina nake cin abinci. A me kika zuba kunun nan?"

Na waiga wajen tukwanen, sai ta ce:

"Tukunyar ƙasa ba ta mantuwa, 'yar'uwa. Ban ba kowa ba, ban gaya wa kowa ba. Amma in Alhazan nan suka ji, ko ruwa ba mai saya a hannunki."

Na shiga ɗaki na durƙusa, na ce, "Yesu, ka san dalilin da ya sa na ajiye su. Ka cire mini shi." Na tashi na mirgino su ƙofar gida da rana tsaka, na ɗauko taɓarya. Ta ukun gadon uwata ce. Na yi kuka, amma na fasa! Tsofaffin mashayana suna tsaye suna cewa, "Saratu ta haukace."

Wata biyu ba sana'a. Sannan Ya Falmata ta raka ni na sayo sababbi, ita ta fara shan kunun a gaban mutane.

Yau kununa ba ya kai la'asar. Dillalan shanu da direbobi har gida suke aikowa, ni kuwa ina zaune a tsakar gidana. Shekara shida ko ɗigon giya bai taɓa bakina ba, Ladi kuma tana sakandare. Halleluya! Godiya ta tabbata ga Ubangiji. Ku dogara gare shi gaba ɗaya, ban da ajiya. Wanda ya ɗaga mai burkutu har Alhazai suna layin kununta, naku ne zai gagare shi?