Shayin Citta da Jikan da Babu Shi

Assalamu alaikum, Malama mai gabatarwa. Daga Dukawuya nake gaishe ki.

"Ajiye kofin nan, mai juna biyu ba ta shan citta," in ji surukata Hajiya, ta fizge shayina. Al'adata ta ɗauke, cikina yana kumbura kullum bayan magariba, ita kuwa har ta sanar da dangi jika na tafe. Likita ya ce girma ne kawai. Shayin citta da na'a-na'a ke sassauta min kumburin. Soja sun sauka daga mulki, Hajiya ba ta sauka ba.

Na faɗa mata gaskiya. Ta ce, "To me kika sha ya zube?" Na ja mata ƙofa na fito.

Masu sauraro, yaya zan wanke kaina?