Ranar da Na Ɗauki Kwamfutar Madam a Ka

Akuyar innarku na sayar na yi kuɗin mota. Na ce mata kafin damina zan dawo da san huɗa, ta ce in na dawo da akuyar ma ta gode. Haka na bar Matameye na nufi Legas, daga ni sai buta.

Aiki na samu a shagon wata Bayaraba mai buga katin biki. Ita Madam, ni Aboki, ko da yake na gaya mata sunana Habu har bakina ya gaji. Ina shara, ina gadi, ina tayar da janareto. Abu ɗaya ta haramta mini, kwamfuta, wadda mu nan muke ce wa odinata. Ko tsumma na matsar kusa sai ka ji "Don tosh, don tosh," kamar mai korar kaji.

To kun san mutumin Damagaram da kokowa. Madam ta tafi garinsu biki, ni kuma na ji ana ta kaye-kaye a gida. Na ce ajina uku na lakwal, wato makarantar boko, ba za su tashi a banza ba. Na kunna kwamfutar, na lallaɓa na rubuta kokowa, na latsa wani abu mai ƙyalli. Kokowa dai ban gan ta ba. Sai tambarin 'yan sanda ya cika gilashin, ga jan rubutu, ga kuma hotona da hulata a karkace. Na latsa ko'ina, ta ƙi motsi.

Mai kantin magani na kusa ya karanta mini. Wai na karya doka, an kulle na'urar, in biya tara cikin kwana biyu ta wata lamba, ko a zo a kama ni. Da ya faɗi kuɗin sai na zauna a ƙasa, don kuɗin san ne ɗungurungum. Ya ce tunda ni baƙo ne, in biya shiru in huta.

Na ruga wurin Alhaji Isuhu, mutumin Yauri mai sayar da albasa, wanda duk 'yan ƙasarmu ke ba ajiya. Na ce ya ba ni kuɗina. Ya ji bayani, ya dube ni sama da ƙasa, ya ce ashe birni ya lalata ni. Tun yaushe ake biyan tara mutum bai kai fuskarsa ba? A wurinmu in hukuma ta kira ka, dattijo kake ɗauka, ku je ku durƙusa, a ba da haƙuri, a nemi ragi. Ko sisi ya hana ni.

Da safe ya zuba babbar riga, ni kuma na yi gammo na ɗora kwamfuta a ka, wayoyi na lilo. Masu acaɓa sai ba'a suke mini.

A ofishin 'yan sanda Alhaji ya tuɓe takalmi, ya durƙusa, ya fara roƙo. Habu ɗan mutunci ne, yana da iyali, kokowa ce ta ja shi, a dubi Allah a rage. Muka yi sa'a na kan teburin Bakatsine ne. Ya jona abin, ya karanta, ya kwashe da dariya har da hawaye, ya kira 'yan'uwansa su zo su gani.

"Baba, ba mu ba ne," in ji shi. "Ɓarayi ne suka ari tambarinmu. Hoton ma idon na'urar ne ya ɗauka. Ko ya biya ba za su buɗe ba."

Alhaji bai ko ɗaga daga durƙuson ba. "To ranka ya daɗe, ko su ɓarayin ne, ba a yi mana ragi?"

Aka nuna mana mai gyara, ya wanke ta tas. Madam ta dawo ta zage ni da Yarabanci tun hantsi har azahar, na yi ta cewa amin tunda ba ji nake ba. Ta cire kuɗin gyara a albashina, amma ba ta kore ni ba.

Ruwan farko ya same ni a gida da jan sa a hannu. Alhaji har gobe cewa yake shi ya roƙa aka yafe tarar baki ɗaya, kuma ban taɓa musa masa ba. Da ya miƙo mini ajiyata ran nan, da gonar da kuke cin tuwonta da hannu zan nome ta.