Ba Hauka Na Yi Ba

Salama a gare ku cikin sunan Yesu Mai Cetona. Ni ce Rifkatu, matar Ishaya mai gyaran babur a nan Gumel. Shaidata ba za ta yi wa kowa daɗi ba, domin wasu da zan yi magana a kansu suna zaune a nan.

Ina dab da shekara hamsin al'adata ta fara wasa da ni, wani wata ta zo, wani wata ta ƙi. Zafi ya riƙa taso mini daga ƙirji zuwa ka, in jiƙe sharkaf da gumi. Gwiwoyina suka yi tsami. Amma abin da ya fi firgita ni shi ne kaina. Na je kasuwar Maigatari, na sauka a tasha, na tsaya ban san me ya kawo ni ba!

Wata Lahadi a nan coci ina ja muku waƙa, kalmomin suka ɓace mini ɗungum. Me kuka yi? Dariya!

Bayan an tashi sujada uwar zumunta, shugabar matan cocinmu, ta ja ni gefe, ta ce, "Maman Dauda, ki huta da waƙa. Ana magana."

Na ce, "Wace magana, Mama?"

Ta ce, "Wai kin fara shan burkutu."

Ni! Ƙanwar mijina kuwa a gabana ta ce masa, "Yaya, ka kai ta ƙauye a ɗaure kafin ta ba mu kunya." Ba wadda ta taka ƙofata ta tambayi lafiyata. Na daina zuwa coci, zuciyata ta yi baƙi ƙirin da ku.

Ran nan na manta tukunya a wuta har ta ƙone ƙurmus. Na durƙusa cikin hayaƙin ina kuka, na ce, "Ubangiji, in hauka ne, ka ɗauke ni. In ba hauka ba ne, ka nuna mini abin da yake cina!"

Ashe Ishaya yana bakin ƙofa. Ya ce, "Tashi ki hau babur, asibiti za mu."

Likitar mace ce. Ta saurare ni har na gama, ta yi gwaje-gwajenta, sannan ta ce, "Mama, ba hauka ba ne. Al'ada ce take ɗaukewa. Akwai sinadarin da yake kare jikin mace da ƙwaƙwalwarta daga kumburi, shi ne yake raguwa. Shi ya sa gaɓoɓi suke ciwo, barci ya ƙi, mantuwa ta yi yawa."

Haleluya! Na fashe da kukan murna. Ta ba ni magani, ta ce in riƙa tattaki, in rage maiƙo da sukari. Sannu a hankali kaina ya washe.

Na gafarta muku don Yesu ya umarta, amma ku sani da ƙyar na iya. Ku matasan mata masu ƙyalƙyala dariya, wannan hanya tana gabanku. Ranar da ta iso, ina roƙo kada Allah ya haɗa ku da baki irin naku.

Ke kuma 'yar'uwa da kike ɓoye irin wannan wahala don tsoron surutu, kada ki yi shiru. Ki kai kukanki ga Ubangiji, ki je asibiti, ki dogara gare shi. Ƙofata a buɗe take.

Na gode wa Allah da ya riƙe hankalina. Amin!