Shekara Uku Ban Kalli Idon 'Yata Ba

Ina gaishe ku, 'yan'uwa, cikin sunan Yesu Mai Cetonmu.

Sunana Rifkatu, daga Warra, bandar kifi ce sana'ata. Ku yi mani haƙuri idan murya ta ƙi.

'Yata Tabita tana wata takwas sanƙarau ya kama ta. Ta rayu, amma wuyanta bai ƙara tsayawa ba, ga farfaɗiya. Muka kai ta Yelwa, aka tura mu babban asibiti. Da aka ɗauki hoton kanta na ce, "Likita, don Allah ka gaya mani gaskiya, za ta yi tafiya?"

Ya ce, "Mama, ƙwaƙwalwar ta taɓu ƙwarai. Tafiya da magana, da wuya. Wasu yara irinta ba su kai shekara biyar, amma ba ni da tabbas."

Biyar ɗin nan kaɗai na ji.

Ga zunubina. Tun ranar na janye zuciyata, don kada mutuwarta ta kashe ni. Ina ba ta kunu, ina yi mata wanka, amma ba na kallon idonta. Na daina goya ta zuwa sujada. Ko rigar Kirsimeti ban ɗinka mata ba. Shekara uku, 'yan'uwa!

Wata Asabar da hantsi ina juya kifi, Tabita na kwance kan tabarma, sai Inna, mahaifiyata, ta ce, "Rifkatu, tun safe yarinyar nan ke take bi da ido. Ke ko kin riga kin binne ta."

Na durƙusa cikin toka ina kuka, na ce, "Ya Yesu, ba na ce ka tashe ta ba. Ni ka tasa, ka mayar mani da zuciyar uwa!"

Na ɗauke ta, na dubi fuskarta. Sai ta yi dariya. Ashe ta iya dariya! Kowa a gidan ya sani, sai ni.

Tabita ba ta taɓa takawa ba, ba ta taɓa kirana Inna ba. Amma ta kai shekara sha ɗaya, kowace Lahadi tana bayana a ƙungiyar mata. Daminar bara Ubangiji ya karɓe ta, tana kan cinyata.

Shekarun nan uku har gobe suna ci mani rai. Amma na gode wa Yesu da bai bar ni na rasa sauran ba.

Uwar da ke da irin Tabita a ɗaki, ki dogara gare shi. In an tashi sujada, je ki ɗauki ɗanki, ki kalle shi.