Kwalba ta Arba'in da Ɗaya

Assalamu alaikum. Malam Liman, Umda mai unguwarmu, dattawan Rusaifa, Hajiya Sa'adiya mai ɗakin marigayi, 'yarsa Raghad, da sauran 'yan'uwa, sannunmu da haƙuri.

Wanda ya zaɓe ni in yi magana a kan Ma'aruf tsokana yake ji. Ni Tijjani, shekara talatin ina sayar da sobiya, abin shan nan namu na buɗa-baki, daura da rumfarsa, shekara talatin ina kishinsa.

Ya kasance mai taurin kai. Duk azumi, kwalba arba'in kacal yake fitarwa a rana ta jar sobiyarsa ta zabibi, ni kuwa ɗari uku. Tun kafin la'asar, tasa ta ƙare, waɗanda suka rasa su tsallako wurina suna tsaki. Da cinikin waɗanda suka makara na riƙe gidana, ya jama'a!

Ya kasance mai tsoron Allah. Mun sha ganinsa yana tuttular da wadda ta kwana biyu, kada ta yi tsami ta bugar da mai azumi. Ya kasance mai ciyarwa: goma daga cikin arba'in ɗin nan masallacinmu ake kai su don buɗa-baki, har a wajen samun lada ma sai da ya fi ni.

Yau zan tona kaina. Kullum nakan tura matata Maryama cikin niƙabi ta sayo mini. In an sha ruwa sai in kurɓa, in riƙe a baki. Sanyi ke fara zuwa, sai zaƙin zabibi, sai kirfa, sai wani ɗan ɗaci can a maƙogwaro da har yau ban gano ko mene ne ba. Na gwada kanumfari, na gwada ɓawon rumman, duk a banza. Wallahi daɗinta haushi yake ba ni.

Ranar jana'iza Hajiya ta ce mini, "Yaya Tijjani, ai tun azumin farko ya gane muryar Maryama. Arba'in da ɗaya yake yi. Ɗayar taka ce, ba ya bari kowa ya taɓa."

Ina ta laɓe, ashe shi yana ajiye mini rabona. Ban taɓa ce masa ta yi daɗi ba, ko sau ɗaya.

Raghad, 'yata, ke ya koya wa haɗin. Kada ki faɗa mini, kada kuma ki bari ya bi shi kabari. In azumi ya zo ki buɗe rumfar. Ni da kaina zan zo in bi layi.

Na gode. Ya Allah, ka gafarta wa Ma'aruf, ka shayar da shi daga Alkausara. Ku shaida mini, jama'a: tasa ta fi tawa.