Jirgin Japan da Ya Kai Ni Gaban Mai Gari

Salama a gare ku cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Fasto, dattawa, iyayenmu mata na zumunta, da ku 'yan bencin baya da kuka fara dariya tun ban buɗe baki ba, duk ina gaishe ku.

Ni ne Istifanus mai shagon cajin waya a Faskari, wanda kuka fi sani da Baban Talatu. Kafin in shiga shaidata ina so a san wani abu: duk faɗin ƙasar Katsina ba a taɓa haihuwar injiniya kamata ba. Ni kaɗai na shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa tun daga Sabuwa, ta biyo Daudawa da Mairuwa da Sheme, ta dangana da Ƙanƙara, har na yi wa Faskari reshenta. Ban taɓa gonar kowa ba, ban ɗaga ko shebur ba, gwamnati ma ba ta sani ba.

Matsalar ɗaya ce. Jirgin yana cikin kwamfuta.

Ƙanin matata, Yohanna, da ke aiki a Kaduna, shi ya bar mini tsohuwar kwamfutarsa ta hannu, wai in riƙa tura wa mutane waƙoƙi a waya. A ciki na tarar da wani wasa. Za a ba ka ƙasa fili fetal, kai za ka shimfiɗa dogo, ka gina tasha, ka haɗa taragu, sannan ka shiga gaba ka tuƙa. Kayan ginin da Yohanna ya zuba a ciki kuwa duk na mutanen Japan ne. Jiragensu farare tas, masu dogon hanci kamar bakin zalɓe. Na ce bari in taɓa sau ɗaya in ga.

'Yan'uwa, wannan taɓawar ce ta cinye mini damina guda.

Rubutun da ke cikin wasan duk nasu ne, kamar kaji sun yi tsere a kan garin masara. Ban iya karanta ko ɗigo ba. Sai in danna in jira abin da Allah zai yi. In nemi gada, a ba ni injin sayar da lemo. In nemi kuka ko ɗorawa, a ba ni wata bishiya mai fure ruwan hoda wadda ko akuya ba za ta san ta inda za ta fara ba. Wata rana na danna wani abu, dusar ƙanƙara ta rufe kasuwar Sheme ruf, na rasa yadda zan mayar. Haka na bar mutanen Sheme cikin sanyi har yau.

Amma fa jirgin yana tafiya. Ka ji ƙararrawar mararraba tana kaɗawa, sandar nan mai baƙi da rawaya ta sauko, jirgi ya wuce sumul ta hannun hagu, ya tsaya daidai kan layin da aka zana masa, ko taki ɗaya bai gota ba. Ni da na girma ina jiran mota ta cika a tasha, na ga abin da ke tashi a kan lokaci ko da mutum ko babu. Kaina ya juye.

Sai na ga a bidiyo yadda direbobinsu ke yi. Suna sa farar safar hannu, kome suka gani sai sun nuna shi da yatsa sun faɗi sunansa da ƙarfi, wai don kada hankali ya yi barci. Na ce to ai wannan ita ce hikimar da muka rasa. Na je wurin Malam Dauda mai koyar da mawaƙanmu, na ari safarsa ta bikin Kirsimeti. Ga shi can zaune yana kau da kai. Malam Dauda, na gode, ka ga dai na mayar.

Daga nan yatsana ya daina jin maganata. Maman Talatu ta ajiye abinci, in miƙe hannu in ce, "Tuwo ya iso. Miya daidai." Mai caji ya kawo waya, in nuna ta in ce, "Waya ta shigo tasha." Ran nan a nan cikin majami'a, wa'azi ya ɗan ja, sai na ga hannuna ya tashi da kansa yana nuna agogon bango. Fasto ya gani, ya ƙara sura guda.

Maman Talatu ta zaunar da ni ta ce, "Baban Talatu, ni ban hana ka haukanka ba, amma ka yi shi a cikin gida. Ƙasar nan ba lafiya. Mutum ba ya yawo yana nune-nune yanzu."

Na ce, "Ke ba ki san aikin injiniya ba."

Ta ce, "Na san aikin takaba, kuma ba na so."

Na yi dariya. Da na sani da ban yi ba.

Abin da ya fitar da ni shi ne, na ji an ce masu ginin gaske a wasan nan ba sa ƙirƙira. Kowace kwalbati, kowane tudu, sai sun je sun gani da ido sun kwafe shi yadda yake. Ni kuwa tsakanin Sheme da Mairuwa da ka kawai na zana. Sai wata safiya na saƙa kwamfuta a jaka, na sa safa, na hau babur.

Na tsaya kusa da wani ƙauye da ba zan faɗi sunansa ba, don mutanen kirki ne. Na ɗauki hoton kwalbati. Na ɗauki hoton tudu. Na hangi wani manomi yana noman masara, na yi masa sannu da aiki, na fara tambaya. Wannan burtalin ina ya ɓulle? Da wane lokaci shanun garin ke ratsawa? Wancan gida mai rufin kwano na wane ne? Ni a raina ina neman inda zan sa mararraba ne don kada jirgi ya take shanu, da inda zan kafa tasha. Kowace tambaya kuma ina yi ina miƙa farin yatsa.

Ku da kuke zaune a ƙasar nan kun riga kun san wane irin mutum ne ke yin waɗannan tambayoyi. Ni kaɗai ne ban ji kaina ba.

Manomin ya ce in jira shi, zai kira wanda ya fi shi sani. Na ji daɗi, na ce ga mutum mai son ci gaba. Ya dawo da 'yan sintiri. A idona sun kai dubu, amma Maman Talatu ta ce in daina ƙari a gaban bagade, don haka in ce suna da yawa.

Suka tasa ni gaba har ƙofar gidan mai gari, suka zaunar da ni a ƙasa ƙarƙashin darbejiya. Kafin in gyara zama gari ya taru. Kalma ɗaya nake ji tana yawo daga baki zuwa baki: infoma, mai kai wa ɓarayin daji rahoto.

A nan wasa ya ƙare. Ashe ba da daɗewa ba aka shigo musu, aka kora shanu, aka tafi da mutane. Akwai wata mata tsaye a gefe da goyo, aka ce mijinta har lokacin yana hannun ɓarayin. Ba ta zage ni ba. Kallona kawai take yi. Kun kuma san wanda aka kira da wannan suna ba kullum yake kai wa ofishin 'yan sanda ba.

Shugaban 'yan sintirin, wani dogo da suke kira Lawal, ya buɗe kwamfutar. Me zai gani? Taswirar ƙasarsu, da jajayen layuka, da ɗigo a kan kowane gari, da rubutun da ba boko ba, ba ajami ba.

Ya ce, "Wanga rubutu mi yake cewa?"

Na ce, "Wallahi, yallaɓai, ni ma ban sani ba."

"Kai ka yi shi, ba ka san shi ba?"

"Mutanen Japan ne suka aiko da shi."

"Su ne iyayen gidan naka? Wane daji suke?"

Na ce ba daji ba ne, tsibiri ne, kuma ba su ma san ina duniya ba. Ya ce to don me nake musu aiki. Na ce ba biyana suke ba. Wani daga baya ya ce, "Kun ji, kyauta ma yake yi." Duk amsar da na bayar sai ta ƙara zurfafa ramin. Na fara bayanin taragu da fitilun ba jirgi hannu, ina jin muryata kamar ta wani. Ni kaina da nake magana na fara shakkar kaina. Wani saurayi ya tafi neman igiya.

Sai bakina ya rufe. Tun da uwata ta haife ni ba a taɓa ganin haka ba.

Na sunkuyar da kai na yi addu'a a zuci. Ba doguwa ba ce, ba kuma mai tsari ba. Na ce, "Ya Yesu, ban san ma abin da zan roƙa ba. Ban gane yadda na zo nan ba. Na gina hanya ta ko'ina, ga shi ba ni da ta komawa gida. Kada ka bar Talatu ta ji an kira ubanta da wannan suna. Ka yi magana, ni tawa ta ƙare."

Ban ji murya daga sama ba. Abin da na ji shi ne tari. Mai gari ne, tsoho tukuf a kan buzunsa. Ya ɗaga hannu aka yi tsit.

Ya ce, "Ina saurayi na hau jirgi daga Funtuwa zuwa Gusau. Na san jirgi. In jirgi ne a cikin abin nan, ya tuƙa mu gani."

Aka miƙo mini kwamfutar, batir ya riga ya yi ja. Na tayar da jirgi daga Sheme. Ƙararrawa ta kaɗa, ƙofofi suka rufe, wata mata ta yi sanarwa da yarensu. Mutane suka matso har numfashinsu na dukan ƙeyata.

Mai gari ya ce, "Wanga farin abu da ya rufe kasuwa fa?"

"Ƙanƙarar sanyi ce, ranka ya daɗe. Kuskure ne."

"A Sheme?"

"A Sheme, Baba."

Jirgi ya miƙa. Ya ce in nuna masa garinsu. Na nuna, ba da yatsa ba wannan karon, da haɓa. Lawal ya leƙa ya ce ai na sa su a wancan hannun titi, inda ba kowa sai gonar wake. Burtalin da na zana ya nufi gabas, nasu yamma yake yi. A bayan garin kuma ga ruwa shuɗi iya ganinka, har da jirgin ruwa.

Mai gari ya ce, "Wanga kogi daga ina?"

Na ce, "Teku ne, ranka ya daɗe. Wani abu na danna ya fito, na yi na yi ya ƙi komawa."

Sai wani tsoho ya ce, "Mu da muke haƙar rijiya gaba goma." Dariya ta fashe daga baya, ta biyo layi har ta iso kan Lawal, ya juya baya kafaɗunsa na rawa. Jirgin kuwa, da na manta da birki, ya wuce tasharsu a guje bai tsaya ba, kwamfutar ta ɗauke ɗif.

Matar nan mai goyo ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Baba, ku bar shi ya koma wa iyalinsa. Gida ɗaya ya isa jira." Ta juya ta tafi.

Wannan maganar ta fi igiya ɗaure ni. Mutane na cikin wannan hali, ni ina yawo a kan gonakinsu da safar mawaƙa ina neman inda zan dasa fure.

Mai gari ya sa aka ba ni ruwa, aka raka ni har bakin titi. Na iso gida na zayyana abin da ya faru. Maman Talatu ta saurare ni har ƙarshe, ta ɗauki kwamfutar ta sa a ƙasan akwatinta ta kulle, sannan ta zauna ta yi kuka. Fasto da dattawa suka zo suka yi mini addu'a, muka kuma yi wa mijin matar nan. Ina roƙon ku ku ci gaba da yi masa, shi da duk waɗanda ke can.

Tun ranar yatsana ya kwanta. Ina cin tuwo ba tare da na sanar da isowarsa ba. Halleluya!

Har yanzu akwai abin da ban gane ba. Na yi ta fama in cire tekun nan, na yi fushi, har na yi masa addu'a ya tafi, ya ƙi. Ashe shi Ubangiji ya ajiye don ya fitar da ni. Da aikina ya yi kyau yadda nake so, da yau wani ne ke tsaye a nan yana faɗin halayena na kirki. Ban san yadda lissafin Allah yake ba, na dai san ya yi. Saboda haka, ɗan'uwa, 'yar'uwa, in ka shiga inda bayaninka ya ƙare, kada ka ƙara bayani. Rufe baki ka kira Yesu, yana ji ko addu'ar ba ta da kai. Godiya da ɗaukaka su tabbata gare shi.

Bayan kwana biyu muka koma da Fasto da ƙullin goro don mu yi wa mai gari godiya. Ya karɓe mu hannu biyu. Da za mu tashi sai na kasa haƙuri, na ce, "Ranka ya daɗe, me ka gani a fuskata ran nan har ka san ni mutumin kirki ne?"

Ya ɓare goro, ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Ban ga kome ba, Malam Istifanus. Na dai san mutanen daji, duk lalacewarsu, suna duba wanda za su ɗauka aiki."